“Good name” a bakin Turawa: tambayoyi da amsoshi

Kalmomi biyu ne da ɗan aji uku na firamare ma ya sani, “good” da “name”. Shi ya sa ba mai ɗauko ƙamus a kansu, shi ya sa kuma ake yawan zamewa. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da aka ba shi jawabin lauya ya mayar Hausa. Lauyan yana roƙon kotu ta dubi “good name” na wanda yake karewa, sai yaron nan ya rubuta wai mutumin yana da suna mai daɗi, sai ka ce alƙali zai sallami mutum don an raɗa masa Kamaluddini. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi zuwa daga masu koyon Turanci, da 'yan fassara, da masu cike takardun tafiya waje. Wasu layi uku sun ishe su, wasu kuwa sai da na gyara zama.

Malam, a taƙaice me “good name” ke nufi?

Shaidar kirki da mutane ke yi maka. Idan Bature ya ce “my good name”, yana nufin yadda jama'a suka san shi: ba ya ƙarya, ba ya cin amana, ba a taɓa kama shi da abin kunya ba. Babu ruwan maganar da sunan yanka. A Hausa, gwargwadon inda jimlar ta dosa, kana iya cewa mutunci, ko ƙima, ko kyakkyawar shaida. Wani lokaci “suna” kawai ya wadatar, kamar yadda muke cewa an ɓata wa wane suna.

Ka riƙe wannan tun yanzu: abin naka ne, amma a bakin mutane yake ajiye. Kai ka tara shi, su ke riƙe da shi. Kusan duk yadda ake juya kalmar daga nan ya taso.

To ai mu ma muna cewa wane “ya yi suna”. Ba shi ke nan ba?

Nan ne tarko na farko. Yin suna shahara ce, a san ka ko'ina. Turanci yana da nasa hanyoyin faɗar haka: “he made a name for himself” ga wanda ya yi fice da ƙoƙarinsa, “a big name” ga babban kai a sana'a, “a household name” ga wanda kowane gida aka san shi. Duk waɗannan yawan masu saninka suke aunawa. “Good name” kuwa ba ya ƙirga mutane, abin da suke faɗa yake saurare. Tsohon malamin makaranta da bai taɓa wuce garinsu ba, wanda in aka yi rigimar gona shi ake kira ya faɗi gaskiya, yana da shi. Mawaƙin da miliyoyi ke bi a Facebook yana iya rasa shi ƙarƙaf.

Tun da an zo nan, bari in kawar da wani kuskure da na gaji da gyarawa. “Notorious” da “infamous” ba yabo ba ne. Ƙaurin suna suke nufi, irin na ɗan fashi ko ɗan damfara. Kada ka gabatar da babban baƙo a taro da cewa “our notorious professor”, kana ganin ka kambama shi.

Ke nan mutunci ne fassararsa?

Ya yi kusa, kuma sau da yawa shi ya fi zama daidai. Sai dai mutunci ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Dubi yadda muke sarrafa kalmar. Mukan ce wane yana da mutunci, muna nufin yana girmama mutane, ba ya wulaƙanta baƙo. Mukan ce muna mutunci da wane, wato akwai zumunci da ganin girman juna. Mukan ce an ci mutuncinsa, ko da a ɗaki aka zage shi, daga shi sai mai zagin. A duk ukun nan babu inda Bature zai sa “good name”. A na farko zai ce mutumin “decent” ne, a na biyu ya ce “we are on good terms”, a na uku ya ce “insulted” ko “humiliated”, ko ya kawo zancen “dignity”.

“Good name” ba ya taɓuwa sai da mutum na uku. In na tare ka a lungu na kira ka ɓarawo, ba wanda ya ji, na ci mutuncinka, amma sunanka yana nan lafiya. In na je majalisar unguwa bayan sallar la'asar na faɗa wa mutum biyar haka, ba ka wurin, ba ka ma sani ba, to a lokacin na taɓa “good name” ɗinka. Dokar ɓata suna ta Ingila a kan wannan bambancin ta tsaya: sai maganar ta isa kunnen wani ban da wanda aka yi da shi kafin a ce akwai ƙara.

Saboda haka in kana fassara, tambayi kanka ko idon duniya yana cikin jimlar. In yana ciki, “mutuncinsa a idon jama'a” zai fishe ka. Ni dai na fi son “shaida”, don mu ma mun san shaida ba kai ke yi wa kanka ba. Ranar jana'iza ake jin ta sosai, lokacin da mutane ke cewa Allah ya sa shaidar duniya ta zama ta lahira.

A wane irin wuri Turawa ke faɗarsa? Ban cika jin sa a hira ba.

Ba za ka cika ji ba. Magana ce mai ɗan nauyi, tana da ƙamshin da, ta fi zama a kotu, da takardar lauya, da sanarwar 'yan siyasa, da jarida. Matashi a Landan da ke hira da abokinsa zai ce “reputation”, ko ya gutsure ta ya ce “rep”.

Abin da na lura da shi, kuma shi ne sirrin kalmar a ganina, shi ne ba a ɗauko ta sai tana cikin haɗari. Mutum yana zaman lafiya ba zai ambaci “good name” ɗinsa ba, kamar yadda ba ka tuna kana da haƙori sai ran da ya yi ciwo. Dubi kalmomin aikin da ke rakiyarta. Gefe guda akwai “protect”, “defend”, “restore”, wato karewa da dawo da abin da ya zube. Ɗaya gefen akwai “damage”, “ruin”, “tarnish”, “sully”, “blacken”. “Tarnish” asalinsa dusashewar azurfa ne ko tagulla, “sully” da “blacken” kuwa datti ne da baƙi. Kamar farar riga suka ɗauki abin. Ka ji mutum ya ce “They dragged my good name through the mud”, wato an ja sunansa cikin taɓo, mu sai mu ce an shafa masa kashin kaji.

Ta fuskar nahawu, kusan kullum da mai shi yake tafiya: “my good name”, “her good name”, “the good name of the school”. Dunƙulalliyar magana ce, ba a cika yi mata ƙari ko canji ba. Kada ka ce “my nice name” ko “my very good name”. A Birtaniya za ka kuma ji an ce shago ko kamfani “has a good name for” wani abu, misali gyaran mota, wato an shaide shi da iya aikin.

Mu nan muna cewa “he wants to spoil my name”. Daidai ne?

Kowa zai gane ka, kuma a Najeriya da Gana haka ake faɗa, ba laifi. Amma kunnen ɗan Ingila zai ji Turancin Afirka ta Yamma ne. In rubutu ne na jarrabawa ko na ofis a waje, ka ce “damage my reputation” ko “ruin my good name”.

Zan iya sa shi a takardar neman aiki, ko in faɗa a intabiyu?

Kada ka soma. “I have a good name” daga bakinka tamkar ka tashi a taro ne ka ce kai mutumin kirki ne. Yabon kai jahilci, a nan mu da su mun yi tarayya. Kuma yanzu na gaya maka ba a ɗauko kalmar sai an taɓa ta, don haka mai sauraronka zai fara tunanin wa ya zarge ka da me.

Wasu ne ke faɗa a madadinka. Shi ya sa ake neman “referees”, mutanen da za su tsaya maka, da “character reference”, takardar shaidar hali. Al'adar ta daɗe. A Ingila ta ƙarni na 19, 'yar aikin gida in za ta bar gidan da take, uwar gida ce ke rubuta mata takardar shaida, kuma takardar nan “character” kawai ake kiranta. Wadda aka kora “without a character” ta shiga uku, don da wuya wani gidan mutunci ya ɗauke ta. Ka ga yadda sunan mutum ya koma takarda a hannun wani.

A fom na ga “good character” da “good standing”. Duk abu ɗaya ne da wannan?

'Yan gida ɗaya ne, amma waɗannan na hukuma ne, suna da ma'auni. Mai neman zama ɗan Birtaniya dole ya cika sharaɗin “good character”, a Amurka kuma “good moral character” ake cewa. Abin da ake dubawa shi ne ko an taɓa ɗaure ka, ko ka yi wa hukuma ƙarya, ko ka ƙi biyan haraji. “Good standing” kuwa na ƙungiya ne ko majalisar sana'a. Likita ko nas da ke neman aiki a waje ana neman ya kawo “certificate of good standing” daga majalisar da ta yi masa rajista, shaidar cewa lasisinsa na aiki kuma babu hukunci a kansa. Mutum yana iya riƙe da wannan takarda alhali a unguwarsu ba mai ba shi ajiyar naira ɗari.

Daga ina maganar ta samo asali?

Tsohuwa ce a Turanci, amma wurare biyu suka kafa ta a kunnen mutane. Na farko fassarar Baibul ta Sarki James, ta shekarar 1611. A littafin Karin Magana, sura 22 aya 1, an ce gara “good name” da dukiya mai yawa. Wani abin sha'awa, a Ibrananci “suna” kawai ayar ta ce. Masu fassara ne suka ƙara “good” don Bature ya gane, har ma a bugun nasu ana rubuta kalmar da haruffa dabam don nuna ƙari ce. Wato Ibrananci ya yi irin tamu, inda “suna” shi kaɗai ke ɗaukar nauyin.

Na biyu wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Othello, wanda aka nuna a 1604. A ciki ne wani ya ce “good name” shi ne lu'ulu'un ran mutum, mace ko namiji, kuma wanda ya sace maka jakar kuɗi bai saci komai ba, amma wanda ya sace maka suna ya talauta ka shi kuma bai ƙaru da komai ba. Har yau lauyoyi da masu jawabi suna janyo wannan magana suna kaɗa kai. Abin da da yawansu ba sa faɗa shi ne wa ya yi ta. Iago ne, munafukin wasan, kuma ya yi ta ne a daidai lokacin da yake haƙa ramin ɓata sunan Desdemona, matar Othello, wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Ƙari a kan haka, kafin nan shi ɗin dai ya gaya wa Cassio, mataimakin Othello a soja, da ke kukan ya zubar da sunansa bayan ya yi maye ya yi faɗa an tuɓe shi, cewa suna ba komai ba ne, sau da yawa ana samunsa ba da cancanta ba, ana rasa shi ba da laifi ba. Baki ɗaya, magana biyu, kowa da irin wadda za ta kai shi ƙasa. Duk sanda na ji ɗan siyasa ya ɗauko wannan jawabi yana kare kansa, sai in yi murmushi.

Mene ne bambancinsa da “reputation”?

“Reputation” daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin ƙididdigewa ko auna abu. Ita ba ta da gefe: akwai mai kyau, akwai marar kyau, kuma tana iya zama a kan kowane abu. Ana cewa mutum “has a reputation for being late”, an san shi da makara. Gidan abinci yana da ita, ƙungiyar ƙwallo tana da ita. “Good name” kuwa ya fi karkata ga gaskiya da amana. Kanikawa biyu suna iya samun “reputation” ta iya aiki, amma wanda ba ya sauya maka kayan mota da tsofaffi shi ne mai “good name”.

A yi hattara da faɗar kalmar tsirara. In aka ce “He has a reputation” aka yi shiru, ba a ce ta mene ne ba, to ba alheri ake nufi ba. In mace aka faɗa wa haka, habaici ne a kan tarbiyyarta, kuma magana ce mai muni.

Wani Bature ya ce mini “Your reputation precedes you.” Yabo ne ko zagi?

Ma'anarta labarinka ya riga ka isowa. Yawanci yabo ne, irin na wanda ya daɗe yana jin ka kafin ya gan ka. Amma tana da baki biyu, don ba ta faɗi wane labari ne ya iso ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. In da fara'a da miƙo hannu aka faɗa, ka ce “Thank you”. In ba ka tabbata ba, amsar da suka saba bayarwa cikin raha ita ce “All good, I hope”, wato da fatan alheri aka ji.

“Clear my name” fa?

Wanke kai daga zargi. A nan ba a cika sa “good” ba, “clear my name” kawai ake cewa. Wanda yake son ya ji nauyin maganar ya dubi abin da ya faru da masu riƙe ƙananan gidajen waya a Birtaniya.

A can, ƙaramin gidan waya sau da yawa kanti ne a ƙauye ko unguwa, mai shi kowa ya san shi, a wancan lokacin wurinsa tsofaffi ke karɓar fansho. A 1999 aka kawo musu manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya yi. Manhajar tana da kurakurai, tana nuna kuɗi sun ɓace alhali ba su ɓace ba. Maimakon a binciki na'ura, sai aka tuhumi mutane. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa sama da mutum 900 hukunci kan sata ko ha'incin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don cike giɓin da ba su ci ba, wasu sun mutu ba a wanke su ba. A 2019 mutum 555 ƙarƙashin jagorancin ɗaya daga cikinsu, Alan Bates, suka yi nasara a kan hukumar gidan waya a babbar kotu, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana guda, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta soke mafi yawan sauran a dunƙule.

Tsawon shekarun nan, maganar da ta fi fitowa daga bakin mutanen da jaridun da ke ba da labarinsu ita ce “clear their names”. Diyya tana da muhimmanci, amma mutumin da maƙwabtansa suka yi shekara goma suna yi masa kallon ɓarawon kuɗin tsofaffi, abin da yake nema da farko shi ne a fito fili a ce bai ci ba.

Akwai “bad name” ke nan?

Akwai, amma ba a cewa “my bad name”. An fi jin sa a “give something a bad name”, wato ja wa wasu baƙin jini. “Drivers like him give us all a bad name”: irinsa ne ke ja mana zagi, wake ɗaya mai ɓata gari.

Sai karin maganar nan da 'yan siyasar Najeriya ba sa gajiya da ita, “give a dog a bad name and hang him”. Tsohuwa ce a Ingila. Tana nufin in ana son a gama da mutum, sai a fara laƙa masa laifi, daga nan komai aka yi masa ba mai cewa uffan.

Akwai kuma “his name is mud”, sunansa ya zama taɓo, ba mai son jin sa. A Amurka za a ba ka labari cewa daga Dakta Samuel Mudd aka samo ta, likitan da ya ɗora karayar John Wilkes Booth bayan Booth ɗin ya harbe Shugaba Abraham Lincoln a 1865, aka kuma ɗaure likitan a kan haka. Labari ne mai daɗi, sai dai ba haka ba ne. Maganar tana cikin wani ƙamus na zaurancen Ingila tun 1823, shi kuwa likitan sai 1833 aka haife shi.

Shin doka ta san da “good name”, ko maganar baki ce kawai?

Ta san da shi, har akwai ƙasar da ta rubuta shi a tsarin mulki da waɗannan kalmomi biyun. Tsarin mulkin Ayilan na 1937, a sashe na 40, ya ɗora wa gwamnati kare rai, da jiki, da “good name”, da dukiyar kowane ɗan ƙasa. A jeri ɗaya aka sa su.

Ɓata suna a Turancin shari'a “defamation” ne, kuma ya rabu biyu: “libel” na rubutu ko abin da aka watsa ya zauna, “slander” na fatar baki. A Ingila, wanda ya yi maganar shi ke da nauyin tabbatar da cewa gaskiya ce, shi ya sa Landan ta daɗe tana jan masu ƙarar jaridu. Dokar 2013 ta ɗan ɗaure abin, ta ce sai mai ƙara ya nuna an yi wa sunansa mummunar illa, ko ana dab da yi. Amurka ta bi wata hanya: tun hukuncin kotun ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnati ba ya cin irin wannan ƙara sai ya nuna an san ƙarya ce aka buga, ko an yi ko oho da gaskiyarta.

Wani bambanci da ya shafe mu: Ingila ta daina ɗaukar ɓata suna a matsayin laifin da ake ɗaure mutum a kai tun 2010, Gana ma ta soke nata tun 2001. A Arewacin Najeriya kuwa har yanzu yana cikin kundin dokar laifuffuka na Final Kod, sashe na 391 da 392. Mai rubutu a Facebook ya san da wannan.

Zuwa kotu kare suna kuma yana iya zama tonon silili. A 1987 ɗan siyasar Birtaniya Jeffrey Archer ya yi ƙarar jaridar Daily Star ya ci fam dubu 500. Shekara 14 bayan haka, a 2001, aka gano ya shirya shaidar ƙarya a waccan shari'a, aka ɗaure shi shekara 4.

Kamfani ma yana da shi?

Ƙwarai, kuma nasa ana iya yi masa kuɗi. In aka sayi kamfani da farashin da ya wuce darajar gine-ginensa da kayansa, wannan rarar akantoci “goodwill” suke ce mata, kuma sunan kamfanin da amincewar masu saye suna cikinta.

Misalin da Turawan Ingila ba sa mantawa shi ne na Gerald Ratner, shugaban wani katafaren kamfanin sayar da 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha. A 1991 ya tashi gaban manyan 'yan kasuwa a Landan yana raha, ya ce ana tambayarsa yadda yake sayar da wani kaya da arha haka, amsar ita ce kayan shara ne. Kalmar da ya yi amfani da ita ma ta fi wannan ƙazanta. Aka yi dariya a zauren, washegari jaridu suka ɗauka. Masu saye suka ji an mai da su wawaye, suka ƙaurace. Darajar kamfanin ta faɗi da kimanin fam miliyan 500, shi ya rasa kujerarsa a 1992, a 1993 kuma aka cire sunansa daga kamfanin aka koma kiransa Signet. Har yau in mutum ya kushe hajarsa da bakinsa sai a ce “doing a Ratner”. Magana zarar bunu.

Na ga “the family's good name” a wani labari. Irin namu na sunan gida ne?

Shi ne. Kada ka ja wa gidanmu abin faɗa, kada ka zubar mana da mutunci. A tsofaffin labaran Turawa, in aka ce “her good name” game da budurwa ko matar aure, kamun kanta ake nufi, kuma jita-jita kaɗai ta isa ta hana ta aure. Yau a Ingila in matashi ya ce “the family's good name”, sau da yawa da zolaya yake faɗa, yana kwaikwayon kakansa. Ka saurari murya kafin ka fassara.

“Lose face” da “street cred” suna cikin wannan dangi?

Daga nesa. “Lose face” jin kunya ne a gaban mutane, na ɗan lokaci, kuma Turawa daga Sinanci suka aro shi a ƙarni na 19. Wanda aka kayar a muhawara ya yi “lose face”, amma sunansa bai ɓaci ba. “Street cred” kuwa karɓuwa ce a wurin matasan birni, a ce kai ɗan gari ne na gaske. Wani lokaci ma abin da ke ƙara maka shi, shi ne ke rage maka “good name” a wurin dattawa.

Yaya zan gane inda “good name” ke nufin suna mai daɗi da gaske?

Dubi abin da ke gaba da bayansa. “That's a good name for a boy”, ko “We need a good name for the shop”, zancen raɗa suna ne, ba wani abu a ƙasa. In ka ga “a” a gaba, “for” da abin da za a raɗa wa a baya, ma'anar fili ce. In ka ga “my”, “his”, “her”, “our”, ko kalmar karewa ko ɓatawa a kusa, shaidar mutane ake nufi.

A asibiti a Indiya wani ma'aikaci ya tambaye ni “What is your good name?” Me yake son in ce?

Sunanka kawai. Ba tambayar halinka yake yi ba, kuma bai ji wani labari a kanka ba. Turancin Indiya ne, an ɗauko shi kai tsaye daga yadda ake tambayar suna cikin ladabi a Hindi, inda ake cewa “shubh naam”, wato suna mai albarka. Girmamawa ce, kamar ka ce wa dattijo “Ranka ya daɗe, wa ake kira?” Ɗalibanmu da masu zuwa jinya can duk sun sha jin ta. Kada dai ka ɗauko ta ka kai Landan, don can sai a tsaya ana kallonka. Ka ce masa Musa, ko Hadiza, ya rubuta a kati ya nuna maka layi.